Sabon Mai Ɗaukar Hoton Taurari a Kudancin Duniya: Da Wanne Za Ka Fara?

Wanda ke zaune a ƙasashe irin su Afirka ta Kudu, Namibiya, Ostireliya ko Chile, kakarsa ta yanke saƙa, domin mafi kyawun abubuwan ɗauka suna saman kansa. Sai dai yawancin jerin sunayen da ke yawo a intanet mutanen arewacin duniya ne suka tsara su, shi ya sa kullum za ka ga an sa Andromeda, wani gungun taurari mai nisa, a gaba. Daga kudu kuwa ƙasa-ƙasa take fitowa ta arewa, cikin ƙura da hasken gari. Ka bar ta tukuna.

Abu uku ake dubawa: haske, girma, da yadda abin ke hawa sama. Duk abin da bai kai digiri 30 daga doron ƙasa ba, iska za ta dama maka hotonsa. A wannan ma'auni babu na biyun gajimaren Carina, wato NGC 3372, tarin iskar gas da ƙura ne mai haske a sararin samaniya.

Faɗinsa ya kai kusan digiri biyu, kamar a jera wata huɗu, kuma a wuri mai duhu ido ma yana ganinsa. Saboda haka ba sai ka sayi madubin hangen nesa ba. Gilashin kyamara mai tsawon milimita 135 zuwa 300 ya wadatar, a kan ƙaramar na'urar bin taurari. Ka buɗe gilashin a f/2.8 ko f/4, ISO, wato ƙarfin karɓar haske na kyamara, 800 zuwa 1600, kowane hoto daƙiƙa 30 zuwa 60, ka tara kamar guda 60, sannan ka haɗe su da manhajar Siril ko ta DeepSkyStacker. Jan hasken da iskar haidurojin ke fitarwa, kyamarar da ba a yi wa gyara na musamman ba tana tare mafi yawansa, amma Carina yana da ƙarfin da jan zai fito duk da haka. A tsakiyarsa ga tauraro Eta Carinae, wanda a shekarar 1843 ya yi hasken da Sirius kaɗai ya fi shi a daren duniya, ga kuma baƙaƙen layukan ƙura da suka raba gajimaren. Daga Fabrairu zuwa Mayu yana sama sosai da farkon dare, kuma a Cape Town ko Sydney ba ya faɗuwa ko kaɗan. Nemo shi ma ba wuya: yana nan kusa da taurarin Crux, masu siffar gicciye.

Wannan hasken nasa yana rufa wa sabon shiga asiri ta wani gefen. Kudu ba ta da tauraro mai haske a kan ƙusar sama, wato wurin da taurari ke kewayawa, kamar yadda arewa ke da Polaris. Tauraron Sigma Octantis da ake saita na'urar bin taurari da shi da ƙyar ido ke kama shi, don haka saitin farko yakan karkace, taurari su fito da jela. Idan abin ɗaukar mai haske ne, sai ka rage zuwa daƙiƙa 20 ka ƙara yawan hotuna, shi ke nan.

Omega Centauri shi ne na biyu. Dunƙulen taurari ne kusan miliyan 10, girmansa kamar cikakken wata, kuma hasken farin wata bai cika dame shi ba. Amma ba ya yafe kuskuren saitin gilashi, in ka kuskure kaɗan sai ya koma farin tabo. Gungun taurarin da ake kira Babban Gajimaren Magellan da gajimaren Tarantula da ke cikinsa sun dace da milimita 85 zuwa 135, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Gajimaren Lagoon, wato M8, na watannin Yuni zuwa Agusta ne, yana da kyau, sai dai bai kama ƙafar Carina ba. Gajimaren Orion kowa na sonsa, amma tsakiyarsa na ƙonewa fari fat sai ka haɗa gajerun hotuna da dogaye. Gungun taurarin Centaurus A ya yi ƙanƙanta. Gajimaren Horsehead da ragowar tauraron da ya fashe a Vela sai nan gaba.

Yanzu sai batun 'yan damfara, kuma suna da yawa. Kwalin madubin da aka rubuta wa "yana girmama abu sau 500", aka manna masa hoton da madubin Hubble ya ɗauka daga sararin samaniya, ka wuce shi. Gajimare tara haske yake buƙata, kuma ƙafafun irin wannan madubin rawa suke yi ko iska ta ɗan kaɗa. Haka hoton nan na yankin Carina da madubin James Webb ya fitar a Yulin 2022: gefen NGC 3324 ne, an ɗauke shi daga sararin samaniya da hasken da ido ba ya gani. Duk wanda ya yi tallar kayansa da shi, yaudararka yake yi. Akwai kuma masu saka hoto a Facebook su ce "ɗauka ɗaya da waya", alhali aikin sa'o'i ne da matatun haske na musamman, ko ma ƙirƙirarriyar basira ce ta zana shi. Ka tambaye su tsawon gilashi, yawan hotuna da jimillar lokaci. Mai gaskiya nan take zai faɗa.

Kafin ka fita, ka shigar da girman kyamararka da tsawon gilashinka cikin manhajar Stellarium ka ga yadda abin zai zauna a hoto. Ka zaɓi daren da babu wata, ka ɗaura abin ɗumama gilashi saboda raɓa, sannan ka sake duba saitin gilashi duk bayan rabin sa'a, domin sanyi na gusar da shi.