Labarin soyayyar da aka haramta: na tarihi ko na ƙirƙira?

Tambayar nan ta ishe ni wallahi, kullum sai an turo min wai labarin soyayyar baƙi da fari a ƙasar da wariya ta raba, wanne ya fi, wanda aka ɗora kan tarihi ko wanda marubuci ya ƙirƙiro duniyarsa?

Na tarihi akwai wahala, dole ka yi bincike. Afirka ta Kudu ta haramta auren fari da wanda ba fari ba a 1949, dokar ba ta tafi ba sai 1985. A Amurka kuwa 1958 'yan sanda suka faɗo wa Richard da Mildred Loving cikin dare har ɗakin kwanansu a Virginia, laifinsu kawai aure, don shi fari ne ita kuma ba fara ba, sai 1967 kotun ƙoli ta rushe irin dokokin. Nan ko ba ka ƙara gishiri ba zuciya sai ta karye, amma fa kuskure shekara ɗaya ka ga yadda masana za su yi maka caa.

Na ƙirƙira ya fi sauƙi, wuƙa da nama suna hannunka, kana ma iya juya abin baƙaƙe su zama masu mulki. Matsalar in marubuci rago ne sai wariyar ta koma ado, a bar mu da "ina sonki" da koke-koke. Ni dai na tarihi ya fi daɗewa a raina.

Mai haƙurin bincike ya ɗauki na tarihi, sabon shiga kuma na ƙirƙira zai fi shige masa.