Jirgin ƙarƙashin ƙasa na Alkahira a idon matafiyi daga Sakkwato

Sakkwatawan da ke zuwa Masar sun kasu ne tsakanin ɗaliban ilimi da masu neman magani da 'yan kasuwa, kuma yawancinsu sukan ƙare zamansu a cikin tasi saboda tsoron ɓata, alhali birnin yana da abin hawan da ya fi tasi sauri da araha nesa ba kusa ba. Na yi amfani da jirgin ƙarƙashin ƙasa na Alkahira a zaman da na yi can, kuma hukuncina shi ne duk mai ƙoshin lafiya ya kamata ya saba da shi tun daga makon farko.

Alkahira da kewayenta suna ɗauke da mutane sama da miliyan 20, wato tana cikin sahun Tokyo da Delhi da Dhaka a jerin manyan biranen duniya, kuma jama'ar sun matsu ne a gefen kogin Nilu domin hamada ta tsare su gabas da yamma. A unguwanni irin su Imbaba da Shubra, benaye ne masu hawa da yawa manne da juna, lunguna kuwa da ƙyar mota ɗaya take ratsa su. Wannan matsi shi ne abin da ke rayar da jirgin, domin kowace tasha tana da dubban gidaje da mai tafiya a ƙafa zai isa cikin 'yan mintoci, saboda haka jirgi yakan biyo bayan jirgi ba tare da dogon jira ba, kuma kowanne ya samu fasinja. Mu da muka taso a garin da layin dogo bai taɓa isowa ba (ya tsaya ne a Ƙaura Namoda), kuma gidajenmu suka bazu a ƙasa daga Arkilla har Kwannawa, kabu-kabu da keke napep ne suka dace da shimfiɗarmu. A Alkahira kuwa, da za a sauke miliyoyin da jirgin ke ɗauka kullum a kan titi, da babu motar da za ta motsa.

An buɗe layi na farko a 1987, shi ne irinsa na farko a nahiyar Afirka, kuma yana tafiya daga Helwan a kudu zuwa Marg a arewa, tsawon kimanin kilomita 44. Layi na biyu ya tashi daga Shubra ya ratsa ƙarƙashin Nilu zuwa Giza. Na uku, wanda aka fara buɗe sashensa a 2012, shi ne ya fi mini daɗi, domin taragansa sababbi ne masu na'urar sanyaya iska, kuma yana bi ta Attaba da Abbasiyya, wuraren da ɗaliban Azhar suka fi zirga-zirga. Daga Attaba ana iya takawa zuwa masallacin Azhar da kasuwar Khan Khalili, ko da yake tafiyar tana da ɗan tsawo ga wanda ya riƙo kaya.

Kuɗin tikiti ya danganta da yawan tashoshin da za a wuce, don haka sai a faɗa wa mai sayarwa inda za a sauka, sannan a adana tikitin da kyau, domin sai da shi ƙofar fita take buɗewa. Sunayen tashoshi a rubuce suke da Larabci da boko, kuma wanda ya yi makarantar allo ba zai sha wahalar karanta su ba.

Abin da na fi yaba wa shi ne taragan mata da aka keɓe a tsakiyar jirgi, tare da alama a dandamali da ke nuna inda suke tsayawa. Magidancin da ya zo da iyalinsa zai iya sa su a can hankalinsa kwance, muddin an yi yarjejeniyar tashar sauka tun kafin a shiga, saboda ƙofa ba ta daɗewa a buɗe.

Cunkoson safe da na bayan la'asar kuwa sai wanda ya gani. A tashoshin sauya layi, musamman Shuhada da ke dandalin Ramsis da Sadat da ke ƙarƙashin dandalin Tahrir, turereniyar ta fi ta Babbar Kasuwar Sakkwato a jajiberin Sallah, kuma tsofaffin taragan layi na farko suna ɗaukar zafi sosai a bazara. Ban ba da shawarar a shigar da tsoho ko marar lafiyar da aka kawo ganin likita a waɗannan lokuta ba. A ɗaukar musu mota ko da kuɗin ya ninka. Haka kuma jirgin bai shiga cikin filin jirgin sama ba, kuma masu masauki a can cikin Madinatu Nasr dole su haɗa da ƙaramar bas kafin su kai tasha.