Tantance tsohon fam ɗin gwal na Ingila: wanne ya cancanci a aika, wanne asara ce

Kamfanonin tantance tsoffin tsabar kuɗi aiki uku suke yi maka. Su tabbatar tsabar ta gaskiya ce, su ba ta maki tsakanin 1 da 70 gwargwadon lafiyarta, sannan su rufe ta a gidan roba mai lamba wanda ba ya buɗuwa sai an fasa. Na yi amfani da ɗaya daga cikinsu ta hannun dila a Ingila, kan fam-fam na gwal na zamanin Sarauniya Biktoriya da Sarki Joj na Biyar. Ra'ayina a taƙaice: aikinsu na gano jabu ya kai a biya, amma galibin fam ɗin da ke hannun mutane bai kai a aika ba, kuma a gida za ka iya gane hakan kafin ka kashe ko kwabo.

Fara da awo. Fam ɗin da aka soma bugawa a 1817 nauyinsa giram 7.98, faɗinsa milimita 22.05, kaurinsa kusan 1.5, gwal ɗinsa karat 22, ragowar galibi jan ƙarfe. Zallar zinariyar da ke ciki giram 7.32 ce. Ninka wannan da farashin giram na karat 24 na ranar, ka sami kuɗin gwal ɗin tsabar. Duk abin da aka ɗora sama da haka kuɗin tsufa ne da ƙaranci da kyau, kuma wannan ƙarin kaɗai tantancewa ke karewa. Fam ɗin Landan na 1911 ko 1912 da ya sha hannu, an buga irinsa miliyoyi, ƙarin nasa kaɗan ne. Ka biya kuɗin tantancewa da inshora da na aike zuwa da dawowa, sai ka ga ka cinye ribar tun ba ka sayar ba.

Kayan da kake bukata ba su da yawa: sikeli mai nuna kashi ɗari na giram, ma'aunin faɗi da kauri, gilashin ƙara girma ninki goma, da maganaɗisu mai ƙarfi. Tsabar da ta yi yawo tana iya sauka zuwa 7.93 ko 7.94, wannan ba komai. Wadda ya kamata ka tsaya a kanta ita ce mai nuna 8.00 cif, domin sisin gwal da ake sayowa a kasuwannin Saudiyya da Dubai, wanda ake biyan sadaki da shi a wajenmu, sau da yawa giram takwas ne na karat 21, kuma an kwaikwayi hoton mai doki da kan sarki da ke jikin fam ɗin Ingila. Gwal ne na gaske, kuɗinsa kuɗin nauyinsa, amma ba Ingila ta buga shi ba. In ka aika, za a dawo maka da shi ba maki, kuɗin aiki kuma ya tafi. Duba ƙasan dokin ko kusa da shekarar, wani lokaci maƙeran suna buga 21 ƙarama a wurin.

Gwajin ruwa ana yawan yabonsa, amma a yi hattara. Ka ɗora kofin ruwa a sikeli, ka mayar da shi sifili, ka rataye tsabar da zare cikin ruwan ba tare da ta taɓa ƙasa ba. Fam na gaske zai nuna wajen 0.45 zuwa 0.46, na karat 21 wajen 0.47. Tazarar ta yi ƙanƙanta ga ƙaramin sikeli, ko kumfar iska ɗaya da ta maƙale a jikin tsabar ta isa ta ruɗe ka. Yana kama tagullar da aka shafa wa ruwan gwal, ba ya raba karat da karat. Na'urar haskawa ta 'yan gwal kuwa fatar sama kawai take karantawa.

Inda kamfanin ya burge ni shi ne wajen harafin gidan bugu, kuma nan ne kuɗin yake. Na Landan ba shi da harafi. S na Sidni ne, M na Melbon, P na Fat, dukkansu a Ostareliya. C na Otawa a Kanada, SA na Firitoriya a Afirka ta Kudu, sai I na Bombai a Indiya wanda aka buga shekara ɗaya tak, 1918. A tsabar Joj na Biyar harafin yana kan ƙasar da dokin ke takawa, saman tsakiyar shekarar, ɗan mitsitsi ne. Landan ta buga fam sama da miliyan ɗaya a 1917, amma yawancinsu an kai Amurka biyan bashin yaƙi aka narkar, shi ya sa na gaske ya yi wuya. Abin da 'yan damfara ke yi shi ne su ɗauki na Fat na 1917, wanda yake da yawa, su kankare P ɗin su goge wurin. Da gilashi ninki goma ka iya ganin wurin ya yi santsi fiye da kewayensa, amma in gwani ne ya yi aikin ba za ka gani ba. Irin wannan tsabar kada ka saye ta sai a gidan roba. Wani abin da ke rage wahala: Landan ba ta buga fam ɗin kashewa ba daga 1918 zuwa 1924, don haka Joj na Biyar mai ɗaya daga cikin shekarun nan ba harafi, ka san akwai magana. Na 1925 kuma kada shekarar ta ruɗe ka, an sake buga shi tsakanin 1949 da 1951 da shekarar 1925 a jiki, shi ya sa masu sheƙi suke da yawa kuma ba su da tsada.

Makin shi ne abin da nake da ja a kansa. Rarrabewar da suke yi tsakanin tsabar da ta shiga hannu da wadda ba ta shiga ba, watau maki 58 (AU58) na wadda ta ɗan shiga hannu da maki 60 (MS60) zuwa sama na wadda ba ta shiga ba, na same ta daidai. Sukan duba wurare masu tudu: gashin Biktoriya saman kunne, ƙirjin mahayin da gwiwarsa, kafaɗar dokin. Ka karkata tsabar a ƙarƙashin fitila ɗaya, sheƙin asali yana zagayawa kamar hannun agogo. Inda ya yanke a kan tudu, an taɓa kashe ta. Amma tsakanin 62 da 63 ra'ayin mai dubawa ne, kuma a tsaba mai wuya maki ɗaya na iya sauya farashi ƙwarai. Tsaba biyu da idona bai raba su ba sun dawo da maki daban, ba bayani. Ba sa rubuta dalili, wannan kuwa naƙasu ne ga wanda yake son koyo.

Abin da ya fi kashe tsaba shi ne wanki, kuma abin yana yi mini ciwo, don da kyakkyawar niyya ake yin sa. Man goge haƙora, toka, omo da soso, har shafawa da gefen riga, duk suna barin siraran layuka masu tafiya gefe guda. Kamfanin zai tabbatar ta gaskiya ce, ya rufe ta, amma ya hana ta maki ya rubuta an wanke. Haka wadda aka taɓa sa wa sarƙa ko zobe: duba tsagin bakinta a saman kan sarki, in ka ga wuri ya baje ko alamar liƙi, farashinta ya koma na nauyi. Datti da duhun tsufa ba aibi ba ne a wajen masu tarawa. Bar ta yadda take, riƙe ta ta gefe.

Wajen cike takarda akwai tarko biyu. Kuɗin aikin yana bin ƙimar da ka rubuta, inshorar ma haka. Ka rage ƙima don sauƙi, in kaya ya ɓace abin da ka rubuta za a biya ka. Na biyu, in tsabarka tana da wani bambanci na musamman sai ka nema a rubuta, ba lallai su sa da kansu ba. Misali fam ɗin Biktoriya mai garkuwa a baya, na Landan daga 1863 zuwa 1874, da yawansu suna da ƙaramar lambar hatimin bugu a ƙasan ganyen da ya kewaye garkuwar, akwai kuma masu tara su lamba-lamba. Na 1859 da ake kira na Ansel, ƙarin layi ɗaya ne a ƙyallen gashin sarauniya ya raba shi da sauran, amma farashinsa ya ninka nasu sau da yawa.

Gidan robar kansa yana da ƙarfi, ana ganin bakin tsabar, sai dai da zarar an rufe ba sauran awo. Shi ma ana yin jabunsa, saboda haka in za ka sayi rufaffiya, shigar da lambar a shafin kamfanin ka gwada hoton da abin da ke hannunka, tabo da tabo. Kada kuma ka ɗauki maki a matsayin farashi. Nemi sakamakon gwanjo na baya-bayan nan na shekara ɗaya, harafi ɗaya, maki ɗaya, ka tuna mai saye yana biyan la'adar gidan gwanjo a sama, mai sayarwa kuma ana cire masa tasa.

Waɗanda zan aika ba shakka: duk fam na Joj na Uku, Joj na Huɗu da Wiliyam na Huɗu, musamman na 1819 da aka buga 3,574 kacal, Biktoriya mai garkuwa da sheƙinta bai mutu ba, na Otawa na 1908 da 1916, na Firitoriya na 1923, na Sidni na 1920. Sai gini, tsabar da ta riga fam, wadda aka buga daga 1663 zuwa 1813 kuma ta ci sunan gaɓar Afirka ta Yamma inda aka riƙa samo zinariyarta. Wasu na farkon suna da ɗan hoton giwa a ƙasan kan sarki, alamar gwal ɗin kamfanin Ingila mai fatauci a gaɓar ne. Gini ya fi fam faɗi, ya fi shi siranta, nauyinsa wajen giram 8.3 zuwa 8.4, kuma da yawa sun taɓa zama abin wuya ko an lanƙwasa su an miƙe. Duba bakinsa da gilashi sau biyu kafin ka biya kuɗin aike.