Wane Ƙamus Ya Dace da Mai Son Zurfafa Turancinsa?

Wanda ya wuce matakin ƙananan jimloli, yana son ya karanta jarida ko littafin jami'a ba tare da yawan tuntuɓe ba, ƙamus na Turanci zalla ya kamata ya saya, irin wanda aka tsara domin masu koyo. Ƙamus na Turanci da Hausa, kamar wanda Roxana Ma Newman ta wallafa a 1990, yana da amfani wajen fassara, amma ba shi ne zai saba maka da yin tunani cikin Turancin kansa ba.

Wanda aka fi sani a makarantunmu shi ne Oxford Advanced Learner's Dictionary, aikin A.S. Hornby, wanda kamfanin Oxford ya fara bugawa a 1948, bugu na 10 kuma ya fito a 2020. Yana sa alama a kan kalmomin da suka fi muhimmanci, guda 3000 na farko da ƙarin 2000 na babban mataki, don haka ɗalibi ya san inda zai fara.

Longman Dictionary of Contemporary English, wanda ya fito a 1978, shi na fi ba mutane shawarar saye. Dalili kuwa shi ne yana bayanin kowace kalma da kalmomi kusan 2000 kacal masu sauƙi, ta yadda ba za ka je neman ma'anar kalma ɗaya ka tarar da wasu uku da ba ka sani ba a cikin bayaninta. Collins COBUILD na 1987, wanda John Sinclair ya jagoranta a Jami'ar Birmingham, cikakkiyar jimla yake amfani da ita wajen bayani, abin da ke taimaka wa mai rubutu ƙwarai. Na Merriam-Webster kuwa ƙa'idar rubutun Amurka yake bi, alhali ta Birtaniya ake koyarwa a makarantun Najeriya.

Kafin ka biya kuɗi, zaɓi kalma guda mai wuya ka duba ta a shafukan intanet na Oxford da Longman, waɗanda kyauta ne, ka ga bayanin da ya fi shiga kanka. A kantin littattafai kuma ka buɗe tsakiyar littafin ka duba ko tawada ta dushe, ko shafuka sun tsallake, ko ɗinkin ya saki, domin jabun bugu ya yi yawa a kasuwa.