Kafin Ka Kashe Kuɗin Laburare Kan Tallata Ƙagaggun Labarai

Littafin ilimi yana da mai nemansa. Ɗalibi ya zo da suna da lamba a takarda, ya ɗauka ya wuce. Mai son labari kuwa yakan shigo bai san abin da yake so ba, sai idonsa ya gane masa. Tun 1931 Ranganathan, masanin laburare ɗan Indiya, ya sa a cikin dokokinsa biyar na laburare cewa kowane littafi yana da mai karanta shi. To, idan an ware maka ɗan kuɗi don ka haɗa su, me za ka fara saya?

Ni dai da majinginin littafi nake farawa, wato ƙananan ƙarafan nan ko robobi da ke tsayar da littafi bangonsa na kallon mutane. Littafin da aka cusa a kanta, gefensa kaɗai ake gani, kamar wanda ya ba ka baya ne, alhali an biya mai zane kuɗi don bangon ya ja ido. Na ƙarfe sun fi ƙarko, suna riƙe littafi mai kauri ba tare da sun kife ba. Na roba mai sheƙi sun fi kyan gani, amma da sun faɗi sau biyu sai su tsage. Akwai kuma kanta mai gangara da ake ƙerawa musamman don baje koli. Ta fi tsada nesa ba kusa ba, tana cin wuri, kuma ban ga abin da take yi wanda majingini ashirin ba za su yi ba. Sai dai dole ka samar musu fili, ka tsame yagaggun littattafai da waɗanda suka shekara biyar ba wanda ya taɓa. Af, kar ka yi saurin kwashe keken littattafan da aka dawo da su. Ka bar shi kusa da ƙofa da ɗan kwali mai cewa "An dawo da su yau", ka ga yadda ake tona shi.

Sai batun sitika ta nau'i: soyayya, binciken laifi, ban tsoro, tarihi. Tsarin Dewey, wanda ke jera littattafai da lambobi, ya ajiye adabi a rukunin 800, amma laburare da yawa na fitar da ƙagaggun labarai su jera su bisa sunan marubuci. Zaɓi biyu ne a nan. Ko ka manna sitika ka bar jerin yadda yake, ko ka raba kantoci nau'i-nau'i. Na biyu ya fi yi wa mai yawon dubawa daɗi, amma ba kuɗin sitika ne zai ci ka ba, aiki ne. Kowane littafi sai an gyara bayaninsa a kwamfuta, ko da Koha kake amfani, manhajar tafiyar da laburare wadda ba a biyan kuɗin lasisinta. Ga kuma marubucin da ya yi soyayya ya yi ban tsoro, littattafansa sun watse wuri biyu. Idan hannu bai wadata ba, tsaya a sitika.

Manhajar da aka fi sani wajen ba mai aro shawarar littafi ita ce NoveList ta kamfanin EBSCO, ana biya shekara-shekara. Ka ba ta sunan littafin da mai aro ya so, ta kawo maka makamantansa bisa salo da yanayin labari. Ƙarfinta yana wajen littattafan Turanci. Kafin ka sa hannu, nemi a ba ka gwaji, ka kwaso littattafai ashirin daga kantarka ka nema ɗaya bayan ɗaya. Idan rabi ba su fito ba, ka samu amsa. 'Yar uwarta LibraryAware tana shirya fasta da wasiƙar imel, amma Canva ta kyauta ta ishi ƙaramin laburare. Goodreads, dandalin masu karatu a intanet, ita ma kyauta ce, sai dai tun 2013 mallakin Amazon ce, hanyar saye ta fi nuna wa mutum a kan ta aro.

Libby, manhajar aron littattafan lantarki ta kamfanin OverDrive, tana nuna banguna da kyau a waya, amma ka karanta sharuɗɗan lasisi. Galibi kwafi ɗaya mutum ɗaya ne a lokaci guda, kuma tun 2011 kamfanin buga littattafai na HarperCollins ya ƙayyade aro 26 ga kowane kwafi, daga nan sai an sake saye. Tallata littafi guda da ƙarfi a nan dogon layin jira yake haifarwa.

Sayen kwafi goma na littafi ɗaya don ƙungiyar masu karatu, irin abin da Nancy Pearl, ma'aikaciyar laburare, ta faɗaɗa a birnin Siyatil na Amurka a 1998 har gari guda ya karanta littafi ɗaya, sai idan kana da ƙungiyar a hannu da wanda zai ja ta.

Duk wanda ka zaɓa, rubuta adadin aron kantar kafin ka taɓa ta, ka sake ƙirgawa bayan mako shida. Kuma ka canza abu ɗaya kawai a kowace kanta, don ka san wanne ne ya yi aikin.