Gwajin share fagen IELTS a Wuse: kunnena ne ya ba ni kunya

Shekara tara ina aikin jinya, kullum da Turanci nake rubuta rahoton majinyata, don haka da na fara shirin neman aiki a Ingila ban ɗauki IELTS, wato jarrabawar gwada iya Turanci, a bakin komai ba. Hukumar NMC mai yi wa ma'aikatan jinya rajista a can tana neman maki 7 a sauraro da karatu da magana, sai 6.5 a rubutu. Wata ƙawata da ta riga ni tafiya ce ta matsa min in gwada kaina tukuna kafin in zuba kuɗin jarrabawar gaske. Na biya wata cibiya a Wuse, ranar Asabar na yi sammako daga Kubwa.

Da sauraro aka fara. Kashi huɗu ne, tambaya 40, kusan minti 30, kuma sau ɗaya tak ake kunna muryar. Malamin bai yi mana sassauci a nan ba, na kuma yaba masa, don wani a bayana ya roƙi a maimaita, ya ce masa ranar jarrabawa ma babu mai maimaita maka.

Kashi na farko, wanda kowa ke cewa shi ne mai sauƙi, a nan na fara zubar da maki. Wata mata ce ke kama ɗaki ta waya. Ta ce ranar Talata, na rubuta da sauri ina jin daɗi, ashe ta gyara ta ce a'a, a mayar Alhamis. Hankalina ya riga ya tafi tambaya ta gaba. Sai kuɗin ɗakin: na ji fifty, ashe fifteen ta ce. Da aka zo fayyace suna harafi-harafi kuwa, mai maganar ɗan Ostareliya ne, harafin A a bakinsa sai ka rantse I ya ce. Ni da na saba da Turancin likitocinmu na Abuja, wanda ko cikin barci zan gane shi.

Na ci 26 cikin 40. Malamin ya ce wannan wajen maki 6.5 ne a ma'aunin IELTS, sai na kai 30 kafin in sa ran 7. Abin da ya sa ban yi da-na-sanin kuɗina ba shi ne zaman da ya yi da ni bayan an tashi. Ya bi takardata layi-layi da jan biro, ya ce, "Sista, Turancinki lafiya lau, saurin rubutu ne ke cutar ki. Ki bari mutum ya kai aya." Ya nuna min amsa biyu da na rasa saboda harafin s na jam'i kaɗai. Na ce, "Malam, har wannan ma?" Ya ce har wannan.

Karatu bai wahalar da ni sosai ba. Nassi uku, tambaya 40, awa ɗaya cif, na ci 32. Amma a nan cibiyar ta gaza. Lamba kawai aka rubuta min a saman takarda, babu wanda ya ce ga inda na kauce. Sai da na koma gida na gano cewa yawancin kurakuraina a tambayoyin nan ne na gaskiya, ƙarya, ko ba a ambata ba. Wani nassin a kan cuta yake, sai na riƙa amsawa da abin da na sani daga asibiti, alhali abin da ke cikin rubutun kaɗai ake tambaya.

Sai maganar sauti. Lasifika ɗaya ce a gaban aji, ga janareta na ruri a bayan taga tun da aka ɗauke wuta. Waɗanda suka zauna a baya an cuce su. Kuma a takarda suka yi mana, har da minti 10 na kwafe amsa, alhali ni ta kwamfuta zan yi, inda ake sa abin ji a kunne, minti 2 kacal ake bayarwa a duba amsa. Na tambaya ko suna da gwaji a kwamfuta, aka ce ana shiryawa.

Zan koma nan da mako uku saboda malamin nan na sauraro, amma kujerar gaba zan kama.