Wurin kine da nake zuwa a Garwa saboda ciwon kwatangwalo, bayan wata huɗu

Mata da yawa sun tambaye ni wurin gashin ƙashin nan da nake zuwa, wanda mu nan muke cewa kine, shi ne na ce bari in zauna in rubuta gaba ɗaya, ko da yake yatsun nawa ba sa son dogon rubutu a waya. Ba zan faɗi sunan wurin ba tunda akwai abin da zan yi ƙorafi a kai, ƙaramin wuri ne dai mai ɗaki uku, daga babbar kasuwa a moto, wato babur, ba ya wuce minti goma.

Shekarata 54. Wajen shekara tara ina fama da amosanin gaɓɓai mai kumburi, wanda likitoci ke rubutawa poliyartrit a takarda, shi ya kama min yatsu da wuyan hannu har na ajiye keken ɗinki. Ina shan methotrexate sau ɗaya a sati, ran Litinin, da folik asid, duk bayan 'yan watanni a ɗebi jini a duba hanta. To bara sai wani ciwon daban ya taso a matsematsin dama yana sauka har gwiwa, ni duk a zatona tsohon ciwon ne ya gangaro ƙasa. Na sha diklofenak har cikina ya fara zafi, an yi min ƙaho, wata maƙwabciya ta kai ni wajen maɗori ya ce ai ba targaɗe ba karaya. Sai da aka yi radiyo, wato hoton ƙashi, aka ga guringuntsin gaɓar ya cinye, ƙashi ya kusa haɗuwa da ƙashi. Artroz ce, wato lalacewar gaɓa, kuma likita ya ce in fara sa maganar aikin tiyata a raina.

Ranar farko da na je wurin kine ɗin, abin da ya sa na amince da su shi ne yaron da ke duba ni a wurin bai ce in hau gado a fara murza ni ba. Ya jawo kujera mai tsawo ya ce Mama zauna nan, ya ɗaga hoton ƙashin a hasken taga ya nuna min da biro inda ya kamata a ga fili tsakanin ƙasusuwan biyu, ɓangaren hagu akwai, na dama kamar zare. Sannan ya ce, Mama in kin tashi da asuba hannunki yakan ɗauki wane lokaci kafin ya saki? Na ce ɗana har hantsi wani lokacin, ya fi awa. Ya ce ƙafar fa? Na ce ita in na ɗan taka minti goma ta saki, amma in na yi tafiya ko na daɗe a tsaye nan take hukunta ni, da yamma ta fi tsanani. Ya ce to kin ji bambancin da bakinki, ɗaya jiki ne ke yaƙar gaɓoɓinsa yana kumbura su, ɗayar kuma gaɓa ce ta gaji ta cinye, maganin wancan ba zai gyara wannan ba. Wallahi wata nawa ina yawo ba wanda ya raba min su haka.

Kuma bai yi min ƙarya ba, ya ce motsa jiki ba ya dawo da guringuntsin da ya tafi, abin da za su iya shi ne su ƙarfafa naman cinya da na ɗuwawu ya riƙe gaɓar, ciwo ya ragu, in ma an zo aikin jiki ya fi saurin tashi. Sau biyu a sati nake zuwa, dubu biyar na sefa kowane zuwa, suna sa min abu mai ɗumi, in kwanta in ɗaga ƙugu sau goma, in buɗa ƙafa gefe, in hau keken nan da ba ya tafiya. Ranar da hannuna ya kumbura ya yi zafi ba sa matsa min, sai su rage. Sanda ma ashe a hannun da bai dace ba nake riƙewa, ina riƙe ta dama wajen ciwon, alhali hannun hagu ake riƙe ta. Da yake yatsuna ba sa damƙa sosai sai ya ce in nemi mai kama damtse, ya naɗa min soso a mariƙin. Wannan kaɗai ya sa na koma zuwa kasuwa da ƙafata. Shi ya ce in samu kujerar masai mai tsawo in daina tsuguno, salla kuma dama liman ya ce ba laifi in yi a kan kujera, amma ranar da na fara na yi kuka, ba zan ɓoye ba.

Yanzu ƙorafina. Ƙofar shiga matakala uku ce ba abin riƙewa, a wurin da guragu da masu shanyewar jiki suke zuwa fa, na faɗa musu har sau biyu. Bencin jira kuma gajere ne sosai, mai ciwon kwatangwalo in ya zauna sai an ɗaga shi, gara in tsaya jingine da bango, a zafin Garwa na watan Afrilu kuwa in wuta ta ɗauke fanka ta tsaya ba daɗi. Su ce ƙarfe tara sai sha ɗaya ka shiga. Mace ma'aikaciya ɗaya ce kuma ba kullum take zuwa ba, ga aikin na cinya ne, don haka mata ku tambayi ranar da take nan tun kafin ku biya. In ita ba ta nan da 'yata nake shiga.

Maganar aikin ita ce ke hana ni barci. Za a cire kan ƙashin da ya lalace a sa gaɓar ƙarfe da roba, protez, an ce takan kai shekara 15 zuwa 20, wasu ma fiye. Amma mai irin ciwona da magungunan da ke rage garkuwar jiki, tsoron ƙwayar cuta ta shiga wurin ya fi yawa, shi ya sa likitan gaɓɓai da mai tiyata dole su yi magana da juna kan wane magani za a ci gaba da shi wane za a dakatar, kar mutum ya daina da kansa. Prednizolon da na sha da yawa a baya ma yana raunana ƙashi. Ga sandunan da za a dogara da su bayan aiki, da wane hannu? Wannan tambayar yaron kine ne ya fara kawo ta, ya rubuta min a takarda in kai wa likita, har da cewa a duba haƙorana kafin aikin.

Likitan da zai duba ni a Yawunde yake, sai na hau mota zuwa Ngawundere sannan jirgin ƙasa na dare, kuma kuɗin ba kaɗan ba ne, 'ya'yana suna ta haɗawa. Ciwon dai bai tafi ba, in hunturu ya shigo hannu da ƙafa tare suke tashi, amma yanzu ina kwana a gefen hagu da filo tsakanin gwiwoyi ba na farkawa sau biyar kamar da. Zan ci gaba da zuwa wurin har ranar tafiyar, bayan Babbar Salla in Allah ya kai mu, kuma na riga na ce su ajiye min wuri in na dawo.